Wake a Saman Bene: Kundin Kiwon 'Yar Lalle a Agege

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau sati uku cif da na zuba iri a buhunan da ke saman benenmu. Buhu goma sha biyu ne, na shinkafa da na siminti, na cika su da ƙasa da busasshen kashin shanu da na samo a wajen mayankar Oko-Oba. Takwas wake, biyu kuɓewa, biyu attaruhu. Irin waken ƙanena ne ya aiko min daga Bunkure a motar tumatir, ɗaure a leda kamar laya.

Da na hau bayan sallar asuba sai na tarar kan tsiron ya ƙanƙance, ganyen ya nannaɗe. Na juya ganye ɗaya, ai kuwa ga darɓa nan, ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan tsiro, baƙi ƙirin, ta yi cincirindo a jikin kara har ba a ganin koren. Na shafa, yatsana ya yi danƙo. Wanda ya tashi a gidan noma ya san wannan danƙon, ba sai an faɗa masa ba.

Maƙwabcina na ƙasa ya ce in sayo fiya-fiya in fesa a huta. Ban musa masa ba, amma raina bai kwanta ba. A saman benen nan uwargida ke shanya, nan tankin ruwanmu yake, nan yara ke hawa cin gyaɗa da yamma. Kuɓewar kuma kullum za a riƙa tsinka a jefa a miya.

Ina cikin murtsuke darɓa da yatsa, har da wasu baƙaƙen tsutsotsi masu ƙafafu da na gani suna yawo a cikinta, sai autata mai shekara tara ta ƙwala min kira: "Baba, zo ka ga wata ta sha lalle!" Wani ɗan ƙwaro ne a kan ganyen kuɓewa, bai kai ƙwayar wake ba, bayansa a kife kamar an raba ƙwallo biyu, baƙi mai sheƙi da zane-zanen ruwan ɗorawa da ja. Shi ne wanda Turawa ke kira ledibad. A gidan nan dai daga yau sunansa 'yar lalle. Na sa waya na matso da hoton, sai na ga darɓa ce a bakinta tana taunawa.

Na yanke shawara: ba feshi. Za mu ga iya gudun ruwan wannan 'yar ƙwaro.

Laraba, 9 ga Oktoba

Guda ɗaya ce tal, darɓa kuwa sai ƙaruwa take. Buhu biyar sun kamu. Dalilin saurin nata shi ne a ƙasa mai zafi irin tamu macen darɓa ba ta jiran namiji, ba ta ma saka ƙwai, 'ya'ya take haifa da ransu, su ma cikin kamar mako guda sun fara haihuwa. Idan wuri ya cika musu, sai a fara samun masu fukafukai su tashi su kama sabon tsiro. 'Yar lalle babba tana iya cin darɓa kusan 50 a yini. A lissafina na mai riƙe littafin kuɗi a kasuwar Mile 12, ciniki bai tashi ba. Sai na ƙaro ma'aikata.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na ɗauki auta muka nufi lambunan da ke wajen Iyana-Iba, inda 'yan uwanmu ke noman latas da alayyafo da albasa mai lawashi. Daga Agege zuwa can tafiya ce ta gaske, sai da muka canja mota uku, yarinya har ta yi barci a cinyata. Mun tafi da kwalbar mayonis biyu da tsohon gidan sauro da na yayyanka.

A cikin kwamin latas ɗin babu ko ɗaya. Fes-fes, babu darɓa, babu mai cin ta. Wani dattijo ɗan ƙasar Zariya da ke ban ruwa ya ga muna ta ɗaga ganye, ya ce, "Malam, kuɗi suka faɗi ne?" Da na nuna masa hoton sai ya yi dariya. "Wannan ai ba a nan za ka same ta ba, nan jiya-jiya aka yi feshi. Bi bakin kwatar can inda ciyawa take."

Shi da kansa ya raka mu. A can gefe, inda wake ya fito barkatai cikin ciyayi ba mai kula da shi, muka same su. Na kai hannu kan wata mai ruwan lemo da ɗigo baƙi birjik, sai ya riƙe min hannu. "A'a, bar wannan, ɓarauniya ce. Duba bayanta, ba ta ƙyalli, kamar ta sha ƙura. Ita ganye take ci. Je ka ga yadda ta mayar da kabewata rariya." Na duba, haka ne: ta kankare tsokar ganyen ta bar jijiyoyi. Dangi ɗaya ne, amma wannan reshen nasu ganyen kabewa da guna da gauta yake ci, jikinsu akwai wani siririn gashi da ke dusashe launin. Dattijon nan bai san sunan kowacce a littafi ba, amma daga nesa yake rarrabe su. Ni da na kwana biyu ina karatu a waya ban kai nan ba.

Na ce, "Baba, to tunda kun san amfaninta, me ya sa ake feshin?" Ya ce, "Ɗana, matar da za ta zo sarin latas da asuba, in ta ga rami ɗaya a ganye sai ta rage kuɗi. Ita ƙwaron nan ba ta san ranar kasuwa ba." Ban sami abin cewa ba.

Mun dawo da manya tara, da wani ganye mai ƙwai a bayansa: ƙanana, ruwan ƙwai, a tsaitsaye kamar an jera kwalabe. Auta ta ƙirga 23.

Litinin, 14 ga Oktoba

Wauta. Kafin in fita kasuwa, rana ta riga ta ɗaga, na buɗe kwalba na zazzage su a kan wake. Ina tsaye ina kallo ɗaya ta hau har ƙarshen ganye, ta buɗe ƙoƙon bayanta, ta warware wasu siraran fukafukai da ke naɗe a ƙasa, fir, ta yi sama wajen titin jirgin ƙasa. Sauran suka bi. Da na dawo da magariba biyu kacal na gani. Kuɗin mota uku zuwa, uku dawowa, sun tashi sama a kan idona.

Da yamma ake sakin su, bayan an yayyafa wa ganye ruwa, a ajiye su a gindin tsiron da ke da abinci. Na sani yanzu.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ƙwan ya ƙyanƙyashe. Jiya ya fara yin duhu, yau da safe kwalba ta cika da wasu mitsi-mitsin baƙaƙen abubuwa. Abin da ya fara ba ni mamaki, kafin su nemi darɓa sai da suka cinye ƙwan 'yan uwansu da bai fashe ba. Daga 23, rai 16 na ƙirga. Uwargida ta leƙo ta ce, "Waɗannan tun daga ranar suna suka fara cin zumunci." Na rarraba su a robobin abinci, uku-uku, huɗu-huɗu, kowacce da reshen wake mai darɓa, na rufe da gidan sauro da kyauro. Auduga mai ɗan ruwa na sa da farko, amma laimar Legas ta isa, robar ta fara gumi, na cire.

Talata, 22 ga Oktoba

Yau na yi shiru na ɗan lokaci a saman bene, don na gane abin da na aikata.

Tsutsotsin sun girma, sun yi saɓa, yanzu ana ganin kamanninsu sosai: dogaye, baƙaƙe, jiki kurtsi-kurtsi da ɗigon ruwan lemo, ƙafa shida a gaba, kamar ɗan kada da aka ƙanƙantar. Ko kusa ba su yi kama da uwarsu ba. Kuma su ne sak abin da na yi ta murtsukewa ranar 5 ga wata, ina ganin wata sabuwar masifa ce ta haɗu da darɓa. Na kashe aƙalla goma da hannuna. Ashe ma'aikatan sun riga sun kama aiki kyauta, ni na sallame su, sannan na hau mota zuwa Iyana-Iba neman wasu.

Na tabbata da yawa daga manoman da ke cewa ba su taɓa ganin amfanin ƙwaron nan ba, sun gan shi, a wannan kamar ce ba su shaida shi ba. Ita kuma tsutsar ba ta da fiffike, ba inda za ta gudu, aikinta ci kawai. Na zuba wa ɗaya ido: ta cafki darɓa ta ɗaga ta sama, ta tsotse ta tas, ta yar da fatar, ta matsa gaba taku biyu ta kama wata. Darɓar da ke gefe ko motsi ba ta yi ba, tana ta shan ruwan karanta.

Na ɗora goma a kan buhuna uku da suka fi kamuwa, shida na bari a roba don mu ga ƙarshen labari.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Tururuwa. Tun farko ina ganinsu suna hawa da sauka a jikin kara, na ɗauka wucewa suke. Yau na ga guda uku sun taru a kan tsutsa ɗaya, suna cizo suna ja, har suka tunkuɗo ta ƙasa. Na maida ta, suka sake.

Ashe makiyaya ne. Wannan danƙon da darɓa ke fitarwa ruwan zaƙi ne, ragowar abin da ta tsotsa daga tsiro. Tururuwa na zuwa ta shafa bayan darɓa da gashin kanta, darɓa ta saki ɗigo, ta shanye. Tatsa ce sosai, irin ta Bafulatana da saniyarta. Saboda haka duk wanda ya zo taɓa garken, da ita zai yi. Abin da ya zuba a ganye bai sami mai sha ba kuma shi ne ke yin baƙin fumfuna kamar kunkunniya, ya tare wa ganye rana.

Babbar 'yar lalle tana da dabararta: in suka taso mata sai ta janye ƙafafu ta manne da ganye, su yi ta zamewa a santsin bayanta. Na ɗauki ɗaya a tafin hannu, ta yi lamo kamar ta mutu, sannan ta fitar da wani ruwa rawaya daga gaɓoɓin ƙafarta. Na sansana, wari ne mai ɗaci-ɗaci, sai da na wanke hannu da omo sau biyu. Da wannan take korar tsuntsaye, launin bayanta kuma gargaɗi ne ga wanda ya taɓa ɗanɗanawa. Tsutsar ce ba ta da wannan sulken, jikinta taushi.

Na bi layin tururuwar har wani tsagin siminti kusa da tanki. Na toshe. Na ɗora buhunan a kan bulo, bulon a cikin tsofaffin tirori masu ruwa, na shafa basilin a gindin kowane kara. Igiyar shanyar uwargida ma sai da na matsar, don reshe ɗaya ya taɓa ta, sun mai da ita gada. Aikin ya cinye min yammaci guda. Ruwan tiren dole in riƙa canjawa duk kwana biyu, kar in gyara wake in yi kiwon sauro.

Abin ya tuna min da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Yakan ba da labarin shekarar 1975, da kuturtar gyaɗa ta shafe gonaki a Arewa, kusan hekta 700,000. Ya ce gyaɗa ta tsaya a tsugune, ganye ya yi rawaya, ba ta yi 'ya'ya ba. Wannan baƙar darɓar ta wake ita ce dai ke ɗaukar cutar daga tsiro zuwa tsiro. Abin da ya taimaka wajen durƙusar da dalar gyaɗa ta Kano, ga jikokinsa nan a buhun siminti a Agege, da masu gadinsu.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An kwana ana ruwa da iska. Ya wanke darɓa da yawa, ya tafi da tsutsotsina huɗu. Basilin ma sai sabo.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Tun ranar Talata na ga na cikin roba sun daina ci. Kowacce ta manna gindinta a ganye, ta lanƙwashe, ta zama wani ɗan dunƙule ruwan lemo da baƙi. Auta ta yi kuka wai sun mutu. Na ce ta taɓa ɗaya da tsinken tsintsiya a hankali. Tana taɓawa abin ya ɗago kai zumbur ya koma. Ta yi tsalle har ta kusa kifar da robar.

Yau bayan la'asar muka yi sa'a, ɗaya ta fito muna kallo. Fatar ta tsage ta sama, ta turo kai, ta ja jiki a hankali. Fara sol-sol mai ɗan rawaya, laushi kamar tsokar gwanda, ba ɗigo ko ɗaya. Ta rataye a gefe, ta zaro fukafukan ciki ta shanya su. Auta ta ce, "Baba, wannan ba a sa mata lallen ba." Muka sauka sallar magariba, muka ci tuwo, muka dawo da fitilar waya: zanen ya fara bayyana, dishi-dishi kamar lallen da bai kama ba. Zuwa safiya na san zai nuna.

Daga ƙwai zuwa wannan, kwana ashirin ke nan ko ɗan sama da haka. Na kwatanta hoton da na intanet, ta fi kama da jinsin da masana ke kira Cheilomenes, wanda ya yaɗu a Afirka. Wadda ake zanawa a littafin yara, ja zur mai ɗigo bakwai, ta ƙasashen Turai da Asiya ce. Dangin gaba ɗaya sun haura iri 6,000 a duniya. Sunan nata na Turanci kuwa ga Nana Maryam mahaifiyar Annabi Isa aka jingina shi, Jamusawa ma ƙwaron Maryam suke ce mata. Da na gaya wa uwargida sai ta ce to ai sai a daina ajiye ta a kwalbar mayonis.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Sabon toho yana fitowa a miƙe. Wake ya yi fure, wasu sun fara ɗaure 'ya'ya. Darɓa ba ta ƙare ba, amma ta koma tsibi-tsibi, kuma kusan kowane tsibi akwai ƙwai rawaya a kusa da shi. Wannan karon ba ni na kawo ba, su suka saka.

Wani abokina a kasuwa ya ce tunda a Amurka ana sayar da su a kwali, me zai hana in yi oda in huta da kiwo. Gaskiya ne ana sayarwa, kuma ɗaukar ƙwaron daga ƙasa zuwa ƙasa ya taɓa yin abin mamaki. A 1888 wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya kusa kashe gonakin lemon Kalifoniya, aka tura wani masani, Albert Koebele, zuwa Ostareliya, asalin ƙwaron, ya aiko da wata 'yar lalle da ke cinsa a can. 'Yan ɗaruruwa ya aiko, cikin shekara guda ko biyu suka share gonakin. Amma akwai ɗaya gefen. Wata ta Asiya da aka kai Amurka da Turai don cin darɓa ta fi ƙarfin masu gida, tana cin ƙwan na ƙasar, tana cika ɗakunan mutane lokacin sanyi. A 2004 ta shiga Ingila, daga nan wasu na asali suka fara raguwa. Na ce masa baƙon da zai zo ya cinye 'ya'yan masu gida, gara in ci gaba da hawa motar Iyana-Iba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ina kasuwa aka kira ni. Mai gidan haya ya turo mai feshin kyankyaso da kuɗin cizo, ba wanda ya sanar da mu. Shi kuma bawan Allah da ya gama ɗakuna ya hau sama, ya ga shuka, ya ga ƙwari, ya ce bari ya yi min alheri. Kafin uwargida ta hau ya gama da buhun wake huɗu na bakin matakala.

Na tarar da 'yan lallen a ƙasa, ƙafafu sama. Manya bakwai, tsutsotsi ban ƙirga ba. Ban yi faɗa ba, mutumin da niyyar kirki ya yi, har yana jiran godiya. Na dai sa auta ta rubuta a kwali da Turanci da Hausa, ɗan maƙwabta ya ƙara da Yarabanci, muka rataye a ƙofar bene.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Buhu huɗun da aka fesa sun yi kwana biyar fes. Yau darɓa ta dawo musu, masu fiffike suka sauka, kuma ba mai taɓa su. Su ne yanzu suka fi kowanne baƙi. Sauran huɗun, da suka saba da ɗan ci da ɗan bari, suna nan yadda suke. Na ɗebo tsutsa biyar daga can, amma na fasa ɗorawa, don ban san ko sauran maganin na jikin ganye ba. Da ruwa na wanke su, sai wani satin.

Lahadi, 1 ga Disamba

Mun fara roron wake. Gaskiyar lissafi: abin da na tara bai kai mudu ba, kuma ba duka laifin darɓa ba ne. Akwai tsutsar da ke huda fure da kwanso, akwai wani dogon ƙwaro mai tsotse ƙwayar tun tana ɗanya ta motse. Waɗannan 'yar lalle ko kallonsu ba ta yi. Wanda zai noma wake na sayarwa ya ce da ita kaɗai zai dogara, zai sha mamaki. Ko a kan darɓar ma, a makare take zuwa: sai abinci ya taru take saka ƙwai, kafin 'ya'yan su girma tsiron farko ya riga ya sha wuya. Buhu biyun da suka fara kamuwa har yau ba su kamo sauran ba.

Kuɓewa da attaruhu ne suka fi cin moriyar abin. Tun tsakiyar wata ban sayi attaruhu ba, ni da ke wuni a cikinsa a kasuwa.

Uwargida ta dafa mana waken da shinkafa da mai da yaji. Auta ta tsame ƙwaya uku ta ce na ma'aikata ne.

Asabar, 14 ga Disamba

Hazo ya ɗan sauko, leɓe ya fara bushewa. Na tuge karan wake, na shanya harawar don akuyar maƙwabci. Da darɓa ta ƙare su ma suka watse, kwana uku ban ga ko ɗaya ba. Na wanke robobi da kwalabe na kife a bayan tanki.

Buhu ɗaya na bari da gangan, na zuba sabon iri a ciki ranar Laraba, don darɓa ta samu wurin zama, masu cin ta su samu dalilin dawowa. Maƙwabcina ya ce bai taɓa ganin wanda ke shuka wa ƙwari abinci ba. Ɗazu auta ta hau ɗebo shanya, ta sauko da gudu ba kayan, wai ta ga ƙwai a bayan ganyen attaruhu na biyu daga sama. Goma sha ɗaya ne. Layin tururuwa kuma ya ɓullo ta wani sabon tsagi, gobe in Allah ya kai mu sai in nemo siminti.